MU SAN KALMOMIN TURANCI NA HAWA DA ƘARUWA

Wannan jawabi ne da wani mai duba azuzuwan manya ya yi wa ɗalibai maza da mata, ranar da suka gama matakin farko za su shiga aji na gaba. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu halarta ba. A karanta a hankali, a kuma karanta wa mutanen gida.

  

Yau kun hau aji. A ajin da kuka bari, kun koyi karatu da rubutu da Hausa, kun kuma koyi lissafi. A ajin da za ku shiga, za ku fara taɓa Turanci. Tun da yau ranar hawa ce, na ga ya dace in yi magana a kan kalmomin da Turawa suke faɗin hawa, da ƙaruwa, da ci gaba da su.

Wani zai ce, me ya haɗa manomi da waɗannan kalmomi? To bari in ba ku labarin abin da ya faru a gabana.

Shekarun baya akwai wani dattijo a wani ajinmu, manomi ne mai himma. Ya san kalmar Turanci guda ɗaya sosai, wato IMPROVED, domin yana ganinta a jikin ledar irin masara. Malamin gona ya gaya masa ma'anarta ingantacce. Ran nan ɗansa ya kawo takardar sakamakon jarrabawa. Dattijo ya duba ƙasan takardar, ya ga malami ya rubuta NEEDS TO IMPROVE. Ya gane kalmar ƙarshe. Murna ta kama shi, har ya sa aka yanka wa yaro zakara. Ashe abin da malamin ya rubuta shi ne, yaron yana bukatar ya ƙara ƙoƙari. Ba wanda ya je makaranta ya tambaya. Yaro kuwa ya yi shiru, ya ci namansa. Ƙarshen shekara ya zo da wata takardar, an rubuta REPEAT, wato ya maimaita aji. Shekara guda ta tafi, da kuɗin littattafai da na kayan makaranta, saboda kalmomi biyu da uba bai karanta ba.

Kun yi dariya, ni ma na yi a lokacin. Amma shi da ya gane, bai yi dariya ba. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana ke nan. Takardun da suka shafi rayuwarmu, yawancinsu da Turanci suke zuwa. Katin asibiti, da kwalin magani, da buhun iri, da takardar makaranta, da saƙon banki a waya. A cikinsu duka za ka tarar da kalmomin hawa.

HAUSA MA HAKA TAKE

Kada yawan kalmomin ya tsorata ku. Mu ma a Hausa ba da kalma ɗaya muke faɗin hawa ba. Mutum yana tashi daga barci, yana hawa bishiya, yana ɗaga buhu. Kuɗi suna ƙaruwa, yaro yana girma, mara lafiya yana samun sauƙi, kasuwa tana bunƙasa. Ba mai cewa yaro ya hau in yana nufin ya girma. Kowace kalma da wurinta. To Turanci ma haka yake. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

UP

Ta farko ita ce mafi gajarta. Baƙaƙe biyu ne kawai, U da P. Ana furta ta kamar "of". Ma'anarta sama. Kishiyarta ita ce DOWN, wato ƙasa.

Malamin aji yakan ce STAND UP, wato a miƙe tsaye. A jikin kwalin kaya masu fashewa za ku ga an zana kibiya biyu, an rubuta THIS SIDE UP. Ana nufin wannan ɓangare ne zai kalli sama, kada a kifa kwalin. Waɗanda suka zauna birni sun san ihun da yara suke yi in an kawo wuta, "Up NEPA!" An canja sunan hukumar tun 2005, amma ihun ya zauna a bakin mutane.

Ga wadda ta shafi manoma. A jikin buhun irin shinkafa za ka iya ganin UPLAND. LAND ƙasa ce, wato wuri. UPLAND RICE shinkafar tudu ce. LOWLAND RICE kuwa ta fadama ce. Wanda ya sayi irin fadama ya kai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ya yi asarar kuɗi da damina. Ku duba buhu kafin ku biya.

Amma a yi hattara. Wani lokaci UP tana bin wata kalma, ta bar ma'anarta ta sama. GIVE bayarwa ce, amma GIVE UP fid da rai ne, wato mutum ya karaya ya bari. USED UP kuma abin ya ƙare ne ƙarƙaf. Saboda haka ba duk inda ka ga UP ba ne za ka ce abu ya hau. Ka dubi kalmar da ke gabanta.

RISE DA RAISE

Waɗannan biyu kamar Hasan da Husaini suke. Ko 'yan makaranta suna rikita su. RISE ana furta ta "rayiz". RAISE ana furta ta "reyiz". Bambancinsu a rubuce baƙi ɗaya ne, wato A.

RISE ita ce abu ya tashi da kansa. Rana tana fitowa, Bature ya ce THE SUN RISES. Hayaƙi yana tashi, ruwan kogi yana hawa, ƙullin fanke yana kumbura. Duk RISE ne. In abin ya riga ya faru, sai kalmar ta koma ROSE.

RAISE kuwa sai da mai yi. Wani ne ya ɗaga abin. In malami ya ce RAISE YOUR HAND, yana nufin ka ɗaga hannunka. Kamar bambancin tashi da tayarwa ne a Hausa. Ƙura ta tashi, wannan RISE ne. Mota ta tayar da ƙura, wannan RAISE ne.

Wannan bambanci yana da amfani in ana karanta labari. In an rubuta farashi ya yi RISE, ba a gaya maka wanda ya ƙara ba. In an rubuta an yi RAISE, to akwai hannun wani, sai ka nemi sunansa a cikin labarin. Misali, a 2024 gwamnatin tarayya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. Gwamnati ce ta ɗaga, saboda haka RAISE ne.

Akwai ta uku da take kama da su, wato RICE, shinkafa. RICE tana ƙarewa da sautin S, RISE kuwa da sautin Z. Ga jimla da na tsara muku don ku riƙa gwada bakinku: THE PRICE OF RICE WILL RISE. Ma'ana, farashin shinkafa zai tashi. Kalmar nan tamu ta farashi ma daga PRICE muka aro ta.

Yanzu ga inda RISE take zama maganar rai. Da damina hukumomin yanayi da na ruwa sukan yi gargaɗi. In kun ji ko kun ga WATER LEVEL IS RISING, ana nufin ruwan kogi ko na madatsa yana hawa. In aka ce MOVE TO HIGHER GROUND, ana nufin a kwashe a koma tudu. Wannan ba maganar a tsaya sai gobe ba ce. A ambaliyar 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga birnin Maiduguri cikin dare. Masu zama bakin kogi da masu noman fadama, ku riƙe kalmar RISING da kyau.

DALILIN YAWAN KALMOMIN

Wata baiwar Allah ta tambaye ni, me ya sa Turawa suke da kalmomi biyu ko uku a kan abu ɗaya? Amsa ita ce, Turanci ma aro ya yi, kamar yadda Hausa ta aro littafi da alƙalami daga Larabci, ta aro mota da tebur daga Turanci.

RISE da GROW da UP da HIGH tsofaffin kalmomin Ingila ne. RAISE da LIFT kuwa baƙi ne suka kawo su. Shekara fiye da 1,000 da suka wuce, wasu mutane daga ƙasashen Denmak da Nowe suka tsallaka teku, suka zauna a arewa da gabashin Ingila. Daga harshensu aka samo kalmomin nan biyu. Sannan a 1066 wani sarki mai suna Wiliyam ya taso daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na kotu shekaru masu yawa. Ta wannan hanya, da kuma ta hanyar malamai masu karatun Latin, dogayen kalmomi irin su INCREASE da IMPROVE da PROMOTE suka shiga Turanci. Shi ya sa gajerun kalmomi suka fi yawa a hira, dogaye kuwa suka fi yawa a takardun ofis.

INCREASE

Ana furta ta "inkiris". Ma'anarta ƙari, ko ƙaruwa. Maganar yawa ce, ko ta kuɗi, ko ta nauyi. Kishiyarta DECREASE ce, ko REDUCE, wato ragewa. Ku lura da kyau. INCREASE da DECREASE farkonsu ne kawai ya bambanta. IN ƙari, DE ragi. Wanda ya yi gaggawa zai ɗauki ragi a kan ƙari.

A takardar magani za ku iya ganin DO NOT INCREASE THE DOSE. DO NOT tana nufin kada. Wato kada a ƙara a kan adadin da likita ya ce. Wasunmu in sun ga ciwo ya yi tsanani sai su sha huɗu maimakon biyu. Ƙarin magani ba ya gaggauta sauƙi, yana iya lalata hanta ko ƙoda. Haka yake a maganin feshi. Ƙara shi a kan ƙima yana ƙona ganye, yana kuma cutar da mai feshin.

Jaridu suna da wasu kalmomi na ƙarin farashi. HIKE ƙari ne da aka yi farat ɗaya. An yi ta amfani da ita a 2023, bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. SOAR kuwa asalinta tashin tsuntsu ne, irin yadda shaho yake lulawa sama. In aka ce farashi ya yi SOAR, ya tashi ƙwarai ke nan.

Sai INFLATION, wato hauhawar farashi. Asalin kalmar hura iska ne, kamar yadda ake hura tayar keke. Kuɗin sun kumbura a hannu, amma abin da suke saya ya ragu. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 cikin 100. Ga ma'anar haka. Abin da ka saya Naira 1,000 a shekarar da ta gabace ta, a 2024 sai ka ba da fiye da Naira 1,300. Saboda haka in kuɗin da kake samu sun ƙaru da Naira 100 a kan kowace 1,000, amma kaya sun ƙaru da 300, ka yi baya ne ko da kana ganin ƙari. A nan lissafin da kuka koya zai yi muku rana.

Wanda zai karɓi rance, ya nemi kalmar INCREASE a cikin takardar kafin ya sa hannu. Ya tambaya, me zai ƙaru in na makara wajen biya, kuma da nawa? Tambaya ba ƙauyanci ba ce.

GROW DA GROWTH

GROW ana furta ta "giro". Ita ce girma irin na abu mai rai, shuka ko dabba ko yaro. Masana harshe sun ce ita da GRASS, wato ciyawa, da GREEN, wato kore, tushensu ɗaya. Manomi ma Bature yakan kira shi GROWER. GROWTH kuwa shi ne girman kansa.

Iyaye mata, wannan taku ce. A katin da ake ba ku a asibiti in kun kai jariri awo, akwai shafi mai layuka da aka rubuta GROWTH CHART. Duk wata ma'aikaciyar lafiya tana ɗora yaro a sikeli, ta ɗiga alama a katin. In aka haɗa ɗigon, sai ya zama layi. Ba sai kin iya Turanci sosai ba za ki karanta shi. In layin yana hawa, yaro yana girma daidai. In layin ya kwanta wata biyu ko uku, akwai abin dubawa, ko abinci ko ciwo. In layin ya yi ƙasa, wannan hatsari ne, a ga ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba. Jariri mai lafiya yakan ninka nauyinsa na haihuwa sau biyu a wajen wata 5, ya ninka shi sau uku in ya cika shekara.

Wannan kati a ƙasarmu aka fara gwada shi. Wani likita ɗan Ingila, Dakta David Morley, shi ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1950, yana aiki a garin Imesi-Ile da ke Jihar Osun ta yanzu. Daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Kada ki bar katin a ƙasan akwati. Ki buɗe shi, ki dubi layin, ki nuna wa maigida.

HIGH

Ana furta ta "hayi". G da H na ƙarshe ba a faɗarsu. Ma'anarta abu mai bisa. Kishiyarta LOW. HIGHER kuwa wanda ya fi bisa.

Wannan kalma tana zuwa da alheri, tana kuma zuwa da gargaɗi. HIGH YIELD a buhun iri, iri ne mai yawan amfani. HIGH QUALITY abu ne mai kyau ƙwarai, ko da yake mai sayarwa ne ya rubuta, sai ka gwada ka gani.

Amma HIGH BLOOD PRESSURE hawan jini ne. In an auna mutum ana rubuta lamba biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na babba mai lafiya yana wajen 120 a kan 80. In ana yawan samun 140 a kan 90 ko fiye, to jini ya hau. Ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama, sai dai mutum ya faɗi. Ga mai juna biyu kuwa yana iya kawo jijjiga, shi ya sa ake auna ta duk zuwa awo. HIGH TEMPERATURE zafin jiki ne. Jikin mutum yana wajen 37 a ma'auni. In ya kai 38, zazzaɓi ne.

Sai wadda ake rubutawa a jikin turakun lantarki da taransifoma, DANGER, HIGH VOLTAGE. Wato hatsari, wuta mai ƙarfi. A hana yara wasa a wurin, kada kuma a ɗaure dabba a jikin turken.

Kun ga ke nan, kalma ɗaya ce a buhun iri da katin asibiti. A ɗaya murna, a ɗaya magani.

IMPROVE

Mun dawo kan kalmar dattijon nan. Ana furta ta "imfuruf". Ita ba yawa take nufi ba, kyau take nufi. Abu ya gyaru, ya fi yadda yake a da. Wannan shi ne bambancinta da INCREASE. Tumakinka suna iya ƙaruwa daga 5 zuwa 10, amma duk ramammu. Sun yi INCREASE, ba su yi IMPROVE ba.

Asalin kalmar ma ta manoma ce. A da can a Ingila, in mutum ya gyara saura ya mai da ita gona mai ba da riba, shi ne ake cewa ya yi IMPROVE.

IMPROVED SEED iri ne da masana suka inganta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya tana fitar da irin waɗannan, kuma sunayensu suna farawa da SAM. SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake. Wani an inganta shi don ya nuna da wuri, wani don ya jure fari, wani don ya jure wuta-wuta. Ka tambayi malamin gona ta wace fuska aka inganta wanda za ka saya. In kuma ka ga HYBRID a jikin leda, ka sani ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa baɗi, domin amfanin zai ragu.

A asibiti in likita ya rubuta IMPROVING, mara lafiya yana samun sauƙi. In ya rubuta NOT IMPROVING, ba sauƙi tukuna.

A takardar makaranta kuwa, ga yadda za ku rarrabe. HAS IMPROVED, yaro ya ƙara ƙoƙari, a yaba masa. NEEDS TO IMPROVE, ko ROOM FOR IMPROVEMENT, akwai saura, a tashi tsaye a kansa. A nan ne uba ya kamata ya je ya ga malamin aji.

PROMOTE DA PROGRESS DA DEVELOP

PROMOTED ita ce kalmarku ta yau. Ƙarin aji ne ga ɗalibi, ƙarin girma ga ma'aikaci. In an rubuta PROMOTED TO PRIMARY 4, yaro ya wuce aji huɗu. In an rubuta PROMOTED ON TRIAL, ya wuce da ƙyar, gwaji ake yi masa, in bai dage ba za a iya dawo da shi.

PROGRESS ci gaba ne. Asalinta taku zuwa gaba. Ku dubi tambarin Nijeriya, mai dawakai biyu farare da jar gaggafa a sama. A ƙasansa an rubuta UNITY AND FAITH, PEACE AND PROGRESS. Wato haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Wannan kirari yana cikin tsarin mulki na 1999.

DEVELOP, ko DEVELOPMENT, raya abu ne ya bunƙasa. Asalinta warware abin da aka naɗe. Kuna jin ana cewa ADP. D ɗin tsakiya ita ce DEVELOPMENT, wato shirin raya aikin gona. An fara irin wannan shiri a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, da taimakon Bankin Duniya, daga baya jihohi suka kafa nasu.

Waɗannan kalmomi uku suna yawa a bakin masu neman ƙuri'a. In mutum ya ce zai kawo PROGRESS, ku tambaye shi, ci gaban me? Rijiya nawa, aji nawa, hanya daga ina zuwa ina? Kalma mai daɗi ba ta cika tulu.

CLIMB DA LIFT DA TOP

CLIMB hawa ne da ƙafa da hannu, kamar hawa bishiya ko tsani ko dutse. Ana furta ta "kilayim", B ɗin ƙarshe ba a faɗarta. LIFT ɗaga abu mai nauyi ne. In an sallami mace daga asibiti bayan aiki, akan ce mata DO NOT LIFT HEAVY THINGS, wato kada ta ɗaga kaya masu nauyi. Turmi da tulu suna ciki.

TOP ita ce can saman abu. TOP DRESSING shi ne taki na biyu da ake sa wa shuka bayan ta tashi. A masara yawanci yuriya ce, bayan sati 5 zuwa 6 da shuka.

UPGRADE

Na ajiye wannan a ƙarshe domin ita ce ɓarayi suka fi so. UPGRADE ɗaukaka darajar abu ne, a mai da shi mataki na sama. Saƙo yakan shigo waya, ko wani ya kira da murya mai daɗi, ya ce daga banki yake. Ya ce za a yi UPGRADE na asusunka, ka turo lambar katinka, da lambar sirri, da lambar da za ta shigo wayarka yanzu. Kada ka tura. Banki ba ya tambayar lambar sirrin mutum ta waya. Wanda ya tura, kafin ya ajiye wayar an kwashe kuɗinsa. In kana shakka, ka kashe kiran, ka je bankin da ƙafarka. Mazambaci ya san kowa yana son a ce za a ɗaukaka shi, shi ya sa ya zaɓi wannan kalma.

TAMBAYOYI UKU

Jama'a, na san ba za ku riƙe kalmomin nan duka a dare ɗaya ba. Ba komai. Sannu ba ta hana zuwa. Amma ku tafi gida da tambayoyi uku. Duk inda kuka ga kalmar hawa a takarda, ku yi wa kanku su.

Ta ɗaya, mene ne yake hawa? Nauyin yaro ne, ko zafin jikinsa? Amfanin gona ne, ko kuɗin taki?

Ta biyu, da kansa yake hawa, ko wani ne ya ɗaga shi? In wani ne, wane ne?

Ta uku, wace kalma ce a gabanta? Ku nemi NOT, da DO NOT, da NEEDS TO. Ƙanana ne, amma suna juya magana gaba ɗaya. Su ne dattijon nan ya tsallake.

Ga aikin gida. Kowa ya binciki ɗakinsa. Ya nemo takarda ɗaya, ko kwali, ko buhu, ko kati, wanda yake da ɗaya daga cikin kalmomin nan. Ya kwafi jimlar duka a littafinsa, ba kalmar kaɗai ba. Ya kawo aji ranar karatu mai zuwa, a karanta tare da malami. Mai yaro a makaranta ya zauna da shi, ɗa ya koya wa uba furuci, uba ya duba abin da malami ya rubuta a kan ɗa.

Dattijon da na ba ku labarinsa bai yi GIVE UP ba. Ya ci gaba da zuwa aji har ya gama. Daga baya shi ne yake karanta wa maƙwabtansa takardun 'ya'yansu, kuma ba ya cewa komai sai ya karanta layin daga farko har ƙarshe.

Ina taya ku murnar hawa aji.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.